Nisan Zango

Duk wanda ya saba shiga motar haya daga Dutsin-Ma zuwa Katsina, in dai yana samun gidan gaba, ya san direbobinmu ido uku gare su. Ɗaya yana kan titi, ɗaya yana kan fasinjan da ke tsaye bakin hanya, na ukun kuwa, wanda ba ya ko ƙiftawa, yana kan allurar mai. Za ka ga ana hira ana shewa, ana ta caccakar 'yan siyasa, sai kawai direba ya yi tsit, ya rage wuta, ya kashe rediyo kamar ita ce ke shan man. Fasinjan da bai san dawan garin ba sai ya ɗauka ko wata magana ce ta ɓata mashi rai. Ba haka ba ne, lissafi yake yi: daga nan zuwa Kurfi, daga Kurfi zuwa Batagarawa, lita nawa ta rage, kuma wa zai samu a buɗe.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan zance shi ne, a 'yan shekarun nan ana ta labarin cewa a Turai da Amurka masu motocin lantarki suna fama da wani irin zullumi, har an laƙaba mashi suna. In za mu mayar da sunan Hausa sai mu ce fargabar zango, wato tsoron da ke kama direba cewa caji zai ƙare mashi kafin ya isa inda zai sake samun wani. An yi rubuce-rubuce a kai, kamfanoni sun kashe maƙudan kuɗi don su kwantar wa masu saye da hankali. Da muka ji haka sai muka yi murmushi, domin wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Mu nan mun daɗe da wannan ciwo, tun ba a san za a yi motar da ke tafiya da batir a ƙasar nan ba. To amma yanzu da abin hawa mai caji ya fara shigo mana, sai muka lura ciwon namu ma ya sake kama, kuma ya cancanci a zauna a dube shi.

Mu dai malaman sakandare ne, muna zaune a Dutsin-Ma da iyalanmu, muna koyarwa ta wajen Kurfi. Tsakanin garuruwan biyu bai kai kilomita 30 ba. A taswira ba wani abu ba ne, ɗan tsinke ne a kan hanyar da ta taso daga Katsina ta nufi Ƙanƙara. Amma wanda ke bin ta sau biyu kullum, kwana biyar a mako, a kan babur, ya san kowane rami da kowace gangara da sunanta.

Tun muna yara, a wahalar mai ta zamanin Abacha, muka fara ganin dabarun da direba ke yi don ya ja zangonsa. Yawancin Fijo da J5 na wancan lokaci allurarsu ta daɗe da mutuwa, saboda haka kara ake zurawa a tanki a ciro a duba inda ya jiƙe. Wasu ma sun yi sallama da tankin ɗungurum, sun ajiye galan kusa da ƙafar direba, an zura mashi tiyo, yadda ido zai riƙa ganin abin da ake sha. In an zo gangara sai a saki mota firi a kashe inji, ta yi ta sulala har inda ƙarfinta ya ƙare. 'Yan acaɓa kuwa nasu ya fi ban dariya da ban tausayi. In babur ya fara shessheƙa sai a murɗa rizab, in rizab ya ƙare a kwantar da shi a girgiza, in hakan bai yi ba a buɗe murfi a kafa baki a hura tanki. Ɗigon da ya maƙale a lungu shi zai kai ka rumfar ɗan bumburutu. Shi kuwa ɗan bumburutu, duk zagin da ake yi mashi na tsada da algus, shi ne ya riƙe hanyoyin ƙauyukanmu shekara da shekaru. Ko a Birchi ko a Barkiya, in dai akwai inuwar bishiya da benci, za ka tarar da kwalabe jere suna ƙyalli a rana. Direba bai taɓa dogara da tankinsa kaɗai ba, ya dogara ne da sanin cewa akwai kwalba a gaba.

Ranar da aka ɗauke kwalbar nan muka gane haka. A ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar matakan tsaro don toshe wa 'yan bindiga hanyar samun mai da labari. Aka hana sayar da mai a jarka, aka ƙayyade gidajen man da za su riƙa sayarwa a ƙananan hukumomin da abin ya shafa, aka ce kada a ba mai mota na fiye da naira 5,000, wanda a farashin lokacin bai wuce lita 30 ba. A watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, da Dutsin-Ma da Kurfi a ciki, har sana'ar cajin waya aka dakatar. A watannin nan in mai ya yanke maka a hanya, ba kwalba, ba kuma wayar da za ka kira ɗan'uwa ya kawo maka ɗauki. Kowa ya koma malamin lissafi ala tilas. Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba sai ga 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Babur ɗinmu yana shan kamar lita ɗaya da rabi zuwa da dawowa. Mai karatu ya buga da kansa: a kwana 20 na aiki kuɗin mai kaɗai ya kai naira 30,000, wato daidai da mafi ƙarancin albashin da ake biya kafin a mayar da shi 70,000 a watan Yuli na 2024.

Cikin wannan hali ne wani abokin aikinmu, malamin lissafi, ya tafi Kano ya dawo da babur mai caji. Ranar da ya fara shigowa da shi makaranta ba wanda ya ji zuwansa, sai ganinsa aka yi tsakiyar fili kamar an jefo shi. Ɗalibai suka yanyame shi, malamai muka fito muna taɓawa. Ba salansa, ba bakin mai, ba giya, ba kik. Mai gadi, dattijo ne, ya zagaya shi sau biyu ya ce, "Allah gafarta Malam, to shi wannan mi yake ci?" Malam ya ce wuta. Dattijo ya ce, "Wutar da ba mu da ita?"

Wanda ya sayar mashi ya rantse cewa caji ɗaya zai yi kilomita 80. Da yake Malam mutum ne mai son ƙididdiga, sai ya sayi ƙaramin littafi ya riƙa rubuta abin da ya gani kowace rana: ƙarfe nawa ya tashi, da gudu nawa ya tafi, shi kaɗai ko da goyo, sanda nawa ta rage a allon da ya isa. Wannan littafi shi ya zama abin muhawara a ɗakin malamai har tsawon zangon karatu guda, kuma daga cikinsa muka koyi yawancin abin da za mu faɗa a nan.

Abu na farko da ya gano shi ne kilomita 80 ɗin nan ta mutum marar nauyi ce, a shimfiɗaɗɗen titi, ba iska, yana tafiya kamar mai rakiyar amarya. Batirin babur ɗin gaba ɗaya abin da yake ɗauka bai wuce yunit ɗaya da rabi ba, irin yunit ɗin da muke saye a mitar gida. Wannan ɗan abin shi za a yi ta gutsura har a je a dawo. Babban ɓarawonsa kuwa gudu ne. Iskar da ke tokare ƙirjin mai babur ba a hankali take ƙaruwa ba: in ka ninka gudunka sau biyu, turjiyarta sau huɗu take ninkuwa. Saboda haka wanda ya tafi a kan 40 zai isa da ragowa, wanda ya murɗe hannu zuwa 60 don kada ya makara taron safe zai biya bashin da yamma. Mai babur ɗin fetur ma haka abin yake gare shi, sai dai shi ba ya ji a jikinsa, tunda akwai kwalba a gaba.

Sai kuma hunturu. Kurfi tana arewa da Dutsin-Ma, iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take busowa, ke nan da safe gaba da gaba suke yi da ita. Ga shi batirin dalma, irin wanda ke cikin yawancin masu araha, ba ya son sanyi, ƙarfinsa raguwa yake yi da asuba. A watan Janairu Malam ya ga sandar da yake isa da ita a watan Oktoba ta ɓace. Da bazara kuma zafi ba ya rage tafiyar ranar, amma yana cin kwanan batirin a ɓoye, musamman in an bar shi a rana ko an jona shi caji yana huci. In an ɗauki goyo, ko buhun masara daga Kasuwar Laraba, wannan kuma wani lissafin ne daban.

Abin da ya fi tayar mashi da hankali shi ne allon kansa ba ya faɗin gaskiya tsantsa. Allurar fetur tana auna abin da ke cikin tanki ne kamar yadda ake auna hatsi da tiya. Sandunan ƙaramin babur mai caji kuwa ƙarfin bugun wutar suke aunawa, shi kuwa yana faɗuwa in an matsa wa injin, ya ɗago in an sassauta. Sai ka ga kana hawan tudu sanda biyu sun ɓace lokaci guda, gabanka ya faɗi, kana gangarawa ɗaya ta dawo. Masu batirin litiyam, wanda ya fi tsada ya fi kuma daɗewa, nasu ya sha bamban: wani irinsa yakan nuna a cike kusan duk tafiyar, sa'an nan ya zube gaba ɗaya dab da ƙarshe. Malam ya ce mana watan farko bai san me ke gefen hanya ba, ko gonakin da ya saba dubawa bai gani ba, idonsa na kan allo. Daga baya ya daina yarda da allon, ya koma yarda da littafinsa. Ya san in ya wuce wata kuka da sanda uku to zai kai gida, in da biyu ne to ya rage gudu ya kashe fitila in da sauran haske.

Sau ɗaya lissafin ya kuskure mashi. Wani ɗalibi ya kamu da zazzaɓi, ya goya shi zuwa gidansu a wani ƙauye da ke gefe, ya dawo ya kama hanyar Dutsin-Ma bayan la'asar sakaliya. Saura 'yan kilomitoci babur ya fara rarrafe, can ya tsaya cik. Ba rizab da za a murɗa, ba tankin da za a hura. Tura shi kuwa aiki ne, don batiran dalma nauyi gare su kamar an ɗaura dutsen niƙa. Wani ɗan acaɓa ne ya tsaya, ya ce, "Malam, hau ka riƙe kai da kyau," ya sa ƙafa a bayan babur ɗin ya yi ta tura shi har cikin gari. Da Malam yake ba mu labari washegari dariya ake yi, amma shi bai yi ba. Ya ce abin da ya riƙa dubawa a lokacin rana ce, yadda take sauka.

A nan ne fargabarmu ta rabu da ta Bature. Shi in caji ya ƙare mashi, abin da zai same shi ɓata lokaci ne da kuɗin motar da za ta ja shi, da ɗan abin kunya. Mu kuwa a wannan yanki, a shekarun da muka ga abin da muka gani, tsayuwa a hanya bayan magariba magana ce ta rai. Ko a lokutan da aka samu sauƙi, jiki bai manta ba. Matanmu sun san ƙarfe nawa ya kamata su ji tsayuwar babur a ƙofar gida, in an wuce da minti 20 sai a fara leƙe. Wani abin mamaki ma, uwargidan Malam ta yi ƙorafin cewa sabon babur ɗin ya hana ta wannan 'yar natsuwar, tunda ba ta jin isowarsa sai dai ta ji sallama. A ƙauyuka kuwa, inda rugugin babura da dare ya zama abin da ke sa a kwashi yara a yi daji, wasu sun ce mashi da duk babura irin nasa ne da an riƙa barci, wasu suka ce a'a, da ba a riƙa jin tahowar mugu ba. Kowa da gaskiyarsa.

Mun taɓa kai zancen tasha wurin wani tsohon direba da ya yi shekaru yana jigila tsakanin Katsina da Dutsin-Ma. Muka ce, "Baba, in aka ba ka mota mai caji kyauta, ka karɓa?" Ya ce zai karɓa mana, ya sayar. Muka tambayi dalili. Ya ce, "Malam, ni in mai ya ƙare mani, yaro zan ba galan ya hau acaɓa, kafin fasinja su gama zagina ya dawo. Wutar nan taku a cikin mi ake ɗebo ta?" Wannan tambaya tasa ita ce gaba ɗayan matsalar, kuma ba mu ji wani masani ya faɗe ta fiye da haka ba. Fetur ana ɗaukarsa a kwalba, ana ranta, ana zuƙo shi da tiyo daga tankin abokin sana'a, ana zuba shi cikin minti biyu. Caji kuwa sai an je inda yake, a kuma zauna a jira shi. Babur ɗin Malam sa'a shida zuwa takwas yake yi a jone kafin ya cika.

Sai dai kada mu manta ita ma motar fetur da haka ta fara. A 1888, lokacin da Bertha Benz, matar mutumin da ya ƙera motar farko mai inji a Jamus, ta ɗauki 'ya'yanta biyu ta yi tafiyar kusan kilomita 100 daga Mannheim zuwa Pforzheim, babu gidan mai ko ɗaya a duniya. A kantin magani na garin Wiesloch ta tsaya ta sayi man da ake goge tufafi da shi ta zuba. Ashe ɗan bumburutun farko mai kemis ne. A wajajen 1900 kuma motocin lantarki suna gogayya da na fetur a biranen Amurka, sai da mai ya yi araha, gidajen mai suka bazu, hanyoyi suka yi tsawo, sa'an nan aka bar su a baya. Wato ba ƙarfin inji kaɗai ya ba fetur nasara ba, har da yawan wuraren da ake samunsa.

Wani abin alfahari shi ne, cikin waɗanda suka yi fice wajen neman maganin wannan fargaba har da ɗan Arewa. Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, ya kasance cikin masu zanen motoci a kamfanin General Motors, kuma da sunansa ake danganta zanen Chevrolet Volt, wadda aka fara nunawa a 2007 aka fara sayarwa a ƙarshen 2010. Dabarar motar ita ce tana tafiya da batir kimanin kilomita 56, in ya ƙare sai wani ƙaramin injin fetur da ke cikinta ya tashi ya ci gaba da ba ta wuta. Ka ji mota mai yawo da janaretanta, kamar ta san halin da muke ciki. Kilomita 56 kuwa kusan zuwa Kurfi ne da dawowa. Bayan ya dawo gida ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa daga 2017, a zamaninsa aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021. Kafin nan, a ƙarshen 2020, an ƙaddamar da Hyundai Kona mai lantarki da aka harhaɗa a Legas, wadda aka ce caji ɗaya yana kai ta kilomita 482. A takarda, daga Dutsin-Ma za ta kai Kaduna da ragowa mai yawa.

To amma a mayar da ita Dutsin-Ma a ce a cika ta. Batirinta yunit 64 yake ci. Ƙaramin janareta Tiger, irin wanda masu aski ke kunnawa, in ma an ce zai iya, sai ya yi kwana huɗu yana kuka ba dare ba rana kafin ya cika ta, ya kuma sha man da ya fi wanda aka gudu. Farantin sola guda mai matsakaicin girma kuwa abin da yake tarawa a yini bai wuce yunit ɗaya da rabi ba, wato cikin babur ɗin Malam ke nan daidai, amma motar sai an jera mata faranti 40 ko fiye. Wannan lissafi shi ya nuna mana dalilin da ya sa a garuruwa irin namu lantarki ta ƙafa biyu da ƙafa uku yake shigowa, ba ta ƙafa huɗu ba. Ko a Maiduguri, inda Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas-bas yana sa masu batir, inda kuma gwamnatin Babagana Zulum ta fito da motocin haya masu lantarki a ƙarshen 2023, abin ya yi tasiri ne saboda zirga-zirgar cikin gari ce. Mota tana zagayawa ta dawo inda ta kwana, direba ya san ba zai yi nisa da wurin cajinsa ba.

Mu kuwa wurin cajin namu shi ne abin dubawa. A watan Oktoba na 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama suka yi kwanaki a cikin duhu, babur ɗin Malam ya kwanta a zaure, ya koma bin ɗayanmu a baya suna raba kuɗin mai. 'Yan adawarsa a ɗakin malamai suka samu abin faɗa. Jihar da ke da rana kamar a bakin ƙwarya, ga injinan iska 37 a Lambar Rimi da aka ƙaddara za su ba da megawat 10 amma aikinsu ya kwashe fiye da shekara goma yana jan ƙafa, a ce mutum ya rasa yunit ɗaya da rabi. Abin da ya fitar da shi a ƙarshe ba babban aiki ba ne, wani mai shagon cajin waya ne a Kurfi da ya kafa sola, suka yi ciniki zai riƙa jona babur ɗin daga safe zuwa tashin makaranta. Tun daga ranar Malam ya canza. Batirin bai ƙaru da komai ba, nisan hanya bai ragu ba, amma ya daina kallon allo, har ya koma yi mana tsiya a hanya yana wuce mu a kan 55. Sanin cewa akwai inda zai sha a ɗaya gefen shi ya warkar da shi.

Kakanninmu fatake da sun ji wannan da ba su yi mamaki ba. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro ba ya tashi sai madugu ya san zangon da za a sauka da rijiyar da za a sha, kuma tafiyar yini ba a auna ta da ƙarfin jakin da ya fi kowane ƙarfi, da na raunanan ake aunawa. Abzinawan da ke ratsa Tenere zuwa Bilma ɗauko gishiri har ɗaurin ciyawa suke ajiyewa a hanya, don raƙuma su samu abin ci a dawowa. Ba wanda ya ce a ƙera raƙumin da ba ya jin yunwa. Shi ya sa muka zaɓi kalmar zango a wannan rubutu, don a ganinmu ta fi kalmar Turancin cika: ta ƙunshi nisan da za a iya yi, ta kuma ƙunshi wurin da za a sauka.

A nan za mu ɗan yi tsokaci ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa. Mun karanta littattafan hikaya ba adadi inda Alhaji ke figar Marsandi daga Kano zuwa Abuja, ko budurwa ta ja mota cikin fushi ta bar gida, amma ba mu cika cin karo da inda mai ya ƙare wa wani ba. Motocin cikin littattafanmu da iska suke tafiya. Alhali kuwa a rayuwar mai karatun, allurar nan tana cikin abubuwan da ke hana shi barci, tana sa shi ƙin zuwa gaisuwar mutuwa, tana haɗa shi faɗa da matarsa. Wanda ke neman abin da zai riƙe numfashin mai karatu, ga mutum a kan babur, sanda ɗaya ta rage, rana ta yi ja, gari da saura. Bai buƙatar a ƙara mashi aljani ko ɗan fashi.

Kada kuma a ɗauka muna tallar babur mai caji ne. Yanzu da na Malam ya shiga shekara ta biyu, littafin ya fara nuna wani abu: kukar da yake wucewa da sanda uku yanzu da biyu yake wuce ta, ko da ba iska. Batirin dalma haka yake, kowane caji yana ɗan rage mashi ciki, kuma ranar da za a sake shi kuɗin da za a nema dunƙule ne, ba kamar na mai da ake biya da kaɗan-kaɗan ba. Malam ya ce in ya haɗa abin da ya tsira da shi na fetur ya cire kuɗin sabon batir har yanzu shi ke da riba, kuma mun duba lissafin ba mu ga inda ya yi coge ba. Sai dai riba a takarda daban, samun kuɗin a hannu ranar da ake bukata daban, ga wanda albashinsa ke ƙarewa ran 10 ga wata. Makanikan garin ma har yanzu in an kawo masu irinsa sai su tsaya suna kallo, don ba fulogi ba kafireto, sai wayoyi da wani akwati da ba a buɗewa. Yaran da ke gyaran waya da sola su suka fara gane kansa.

Duk da haka mutum biyu cikinmu sun bi sahunsa, mu ma mun shiga adashin. Shagon mai cajin waya ya yi kaɗan ga babur uku, saboda haka aka haɗa kuɗi aka ƙara mashi faranti huɗu a kan rufi, da sharaɗin namu ne da safe, nasa ne da rana tsaka zuwa yamma. Rigimar da ta taso ita ce ta wa za a fara jonawa ranar da hazo ya rufe rana, wutar ba za ta ishi kowa ba. Wani ya ce a bi girma, wani ya ce a bi wanda ya riga zuwa. Aka kai ruwa rana, a ƙarshe aka ɗauko littafin Malam aka duba, aka tsayar cewa wanda gidansa ya fi nisa shi ne farko, sai mai goyo, sa'an nan saura.